Yadda Ake Auna Manhajojin Da Ke Gano Wuraren Sarrafa Ƙwayoyin Gado a Cikin DNA

Kundin gadon ɗan Adam, wato jimillar DNA ɗin da ke ƙunshe a cikin ƙwayoyin jikinsa, yana ɗauke da haruffa kimanin biliyan 3, kuma dukkansu maimaicin haruffa huɗu ne kacal: A, C, G da T. Sashen da ke ɗauke da bayanin yadda ake ƙera furotin, wanda ya ƙunshi ƙwayoyin gado wajen 20,000, bai kai kashi 2 cikin ɗari na wannan kundi ba. Ƙwayar hanta da ta ƙwaƙwalwa da ta fata duk kundi ɗaya suke ɗauke da shi, amma kowacce aikinta daban, saboda a cikin kowacce akwai ƙwayoyin gadon da aka kunna da waɗanda aka kashe. Umarnin kunnawa da kashewar nan yana warwatse ne a cikin ragowar kashi 98 ɗin, a wasu gajerun yankuna da ake kira wuraren sarrafawa. Fiye da shekara talatin ke nan masana suna rubuta manhajojin kwamfuta da za su duba jerin haruffan su nuna inda waɗannan wurare suke, kuma kusan kowace sabuwar manhaja tana fitowa da alƙaluman da ke nuna ta yi wa na baya fintinkau. Abin da ya dame ni, kuma ya kamata ya dami duk mai shirin dogaro da irin wannan manhaja, shi ne yadda aka samo waɗancan alƙaluma, domin a wannan fanni auna manhaja ya kusa kai rubuta ta wahala.

Tun a 1961 Faransawa biyu, François Jacob da Jacques Monod na Cibiyar Pasteur da ke Paris, suka nuna cewa a cikin ƙwayar bakteriya akwai wani ɗan yanki na DNA wanda ba ya ƙera komai, aikinsa kawai ya karɓi wani furotin da ke hana ƙwayoyin gadon da ke maƙwabtaka da shi yin aiki. A jikin mutum lamarin ya fi haka sarƙaƙiya nesa ba kusa ba. Akwai furomota, wato yankin da ke daf da farkon ƙwayar gado, inda ake soma kwafar bayaninta. Akwai kuma inhansa, yankin da ke ƙara wa ƙwayar gado kuzari a wata gaɓa ta jiki ko a wani lokaci na girma, kuma shi ba dole ne ya kasance kusa da wadda yake yi wa aiki ba. A 2003 masu bincike a Edinburgh suka bayyana wani inhansa da ke tafiyar da ƙwayar gadon da ke tsara yatsu, suka tarar yana nesa da ita da haruffa kusan miliyan 1, a tsakiyar wata ƙwayar gado dabam, kuma sauyin harafi guda a cikinsa yana sa a haifi jariri da ƙarin yatsa ta wajen babban yatsa.

Wanda ke ganin wannan magana ta yi masa nisa, to ya dubi cutar sikila, wadda Najeriya ta fi kowace ƙasa yawan jariran da ake haifa da ita. Jariri yana zuwa duniya da wani nau'in sinadarin jini na 'yan tayi wanda ba ya lanƙwasa ƙwayoyin jini, sai bayan 'yan watanni wani furotin mai suna BCL11A ya dakatar da ƙera shi, daga nan ne alamomin cutar ke fara bayyana. A 2013 ɗakin binciken Stuart Orkin a Boston ya gano wani inhansa da ke kunna BCL11A a cikin ƙwayoyin da ke zama jan jini kaɗai, ta yadda idan aka cire shi furotin ɗin zai ragu a cikinsu ba tare da ya ragu a wasu fararen ƙwayoyin jini masu buƙatarsa ba. Maganin Casgevy, wanda Birtaniya ta amince da shi a watan Nuwamban 2023, Amurka kuma a Disamba, wannan inhansa yake yankewa, a daidai gurbin da wani furotin mai suna GATA1 ke kamawa. Shi dai wannan GATA1 shi ne a tsakiyar wani labarin da ya shafi kusan kowane mutumin Afirka ta Yamma: sauyin harafin T zuwa C a furomotar ƙwayar gadon Duffy ya rushe gurbinsa, sai furotin ɗin Duffy ya daina fitowa a bayan jajayen ƙwayoyin jini, abin da ke ba da kariya mai yawa daga nau'in zazzaɓin cizon sauro na vivax. Ban da waɗannan, kusan kashi 90 cikin ɗari na sauye-sauyen DNA da manyan binciken jama'a suka alaƙanta da cututtuka suna faɗawa ne a wajen sashen da ke ƙera furotin. Saboda haka manhajar da za ta nuna wuraren sarrafawa daidai ba ƙaramin amfani za ta yi ba, wadda kuma za ta nuna su bisa kuskure za ta jawo asarar shekaru da dukiya.

Tushen wahalar yana cikin gajartar alamomin. Ƙwayar gado mai ƙera furotin tana da ƙa'idar da kwamfuta za ta bi: ana karanta ta harafi uku-uku, tana da alamar farawa da alamun tsayawa. Wurin sarrafawa ba shi da irin wannan tsari. Abin da ke cikinsa shi ne tarin ƙananan tambura, kowanne yawanci harafi 6 zuwa 12, waɗanda furotin masu kama DNA ke ganewa, kuma mutum yana da irin waɗannan furotin wajen 1,600. Tambarin GATA1 harafi shida ne: A ko T, sannan GATA, sannan A ko G. Idan aka yi lissafi, irin wannan jeri zai faɗo haka siddan sau ɗaya a cikin kowane harafi 1,024, wato kusan sau miliyan 3 a kan zare guda na kundin gado, alhali wuraren da ake samun furotin ɗin a zahiri ya kama a cikin ƙwayar jini ba su wuce dubun-dubata ba. Manhajar da ke farautar tambari kawai ba ƙarya take yi ba idan ta ce ga shi nan, sai dai yawancin abin da ta nuna ba ya aikin komai a cikin jiki, domin DNA ɗin wurin a naɗe yake tamau, ko kuwa sauran furotin da ya kamata su taru a wurin ba su nan. A 2004 Wyeth Wasserman da Albin Sandelin suka faɗi wannan a fili cikin wata maƙala da ta yi tasiri, inda suka ƙiyasta cewa kusan duk gurbin da irin wannan hanya ta hasaso ba shi da wani aiki a jikin mai rai.

Gwajin da ya fara tayar da mutanen fannin daga barci shi ne wanda Martin Tompa na Jami'ar Washington da ke Seattle ya jagoranta, aka buga a 2005. An tara manhajoji 13 masu gano tambura, ciki har da MEME wadda ta fito tun 1994 kuma har yau ana amfani da ita, aka shirya rukunin bayanai 52 daga mutum da ɓera da ƙudan 'ya'yan itace da yis, wato ƙwayar halittar da ke kumbura burodi, aka ƙara wasu 4 waɗanda ba a saka komai a cikinsu ba don a ga wace manhaja ce za ta ƙirƙiro amsa inda babu. An miƙa wa kowane ƙwararre tasa manhajar ya sarrafa da kansa ba tare da ya san amsar ba. Sakamakon bai yi wa kowa daɗi ba, domin ko wadda ta zo kan gaba, Weeder, ba ta kama ko kashi ɗaya cikin huɗu na guraben da aka sani ba. Amma abin da ya fi burge ni a wannan aiki shi ne gaskiyar da marubutan suka faɗa game da ma'aunin nasu. Amsoshin da suka ɗauka a matsayin gaskiya sun fito ne daga rumbun bayanai na TRANSFAC, wanda ya ƙunshi abin da aka riga aka tabbatar a ɗakin gwaji kaɗai. Idan manhaja ta nuna wani gurbi na haƙiƙa wanda ba a kai ga gano shi ba tukuna, sai a rubuta mata kuskure. Don rage wannan matsala sai suka dasa sanannun gurabe a cikin jerin haruffan da kwamfuta ta ƙirƙira, amma nan ma wata matsalar ta ɓullo, domin jerin ƙirƙira ba ya kama da DNA na gaske, kuma manhajar da ta yi fice a kansa tana iya yin tuntuɓe a kan na ainihi. Shekara ashirin bayan haka, wannan tsaka-mai-wuya ba ta kau ba, kamanninta kawai suka sauya.

Kafin a je ga batun gaskiyar da ake aunawa da ita, ya kamata a fahimci alƙaluman kansu. Tambayoyi biyu ake yi wa manhaja. Ta farko ita ce, daga cikin wuraren gaske, nawa ta kama? Wannan shi ne yawan kamu. Ta biyu ita ce, daga cikin abin da ta nuna, nawa ne na gaske? Wannan shi ne ingancin kamu. Ana iya ɗaga ɗaya ta hanyar sadaukar da ɗayan, saboda haka duk rahoton da ya kawo guda ya yi shiru a kan ɗayan bai gama magana ba. Mu ƙaddara, a matsayin misali kawai, an yanka DNA gida miliyan 1, kuma 1,000 daga ciki ne inhansa na gaske. Manhajar da ta ce babu inhansa ko'ina, wadda ba ta yi aikin komai ba, za ta yi daidai a kashi 99.9 cikin ɗari na gidajen. Wata manhajar kuma ta kama 900 daga cikin 1,000, ta yi kuskure a kashi 5 kacal na sauran, alƙaluman da za su yi kyau ƙwarai a takarda. Amma kashi 5 na 999,000 shi ne 49,950, saboda haka jerin da za ta miƙa wa mai bincike zai ƙunshi wurare 50,850, waɗanda na gaske a cikinsu ba su kai kashi 2 cikin ɗari ba. Ɗalibar digiri na uku da ta zaɓi hamsin daga wannan jeri don ta gwada su a ɗakin bincike tana iya ƙare shekara guda da wuri ɗaya tak a hannunta. Sanannen ma'aunin nan da ake kira ROC, wanda yawancin maƙaloli ke alfahari da shi, ba ya nuna wannan ramin, domin bai damu da ƙarancin wuraren gaske ba. Shi ya sa a irin wannan aiki ma'aunin da ke haɗa yawan kamu da ingancinsa ya fi faɗin gaskiya, ko da yake lambar da yake bayarwa ba ta da kwarjini.

Akwai kuma 'yar dabara da ba a cika lura da ita ba, wato tazarar da aka yarda da ita. A gwaje-gwajen manhajojin furomota, wasu sun ɗauki hasashe a matsayin daidai idan ya faɗi cikin haruffa 2,000 daga wurin gaske, wasu kuma 500, kuma manhaja ɗaya tana iya zama gwana ko ta zama koma-baya gwargwadon wanda aka zaɓa.

Zaɓen misalan da ba wuraren sarrafawa ba ne, waɗanda ake gwama na gaske da su, shi ma yana iya yanke hukunci tun kafin a fara gwaji. Kimanin kashi 41 cikin ɗari na haruffan kundin mutum G ne ko C, amma yawancin furomotoci suna zaune a yankunan da waɗannan haruffa biyu suka yi cunkoso fiye da haka sosai. Idan aka kwaso misalan gwamawa barkatai daga ko'ina, manhaja tana iya cin maki mai yawa ta hanyar ƙirga G da C kawai, ba tare da ta koyi komai game da sarrafawa ba. Gwaji mai tsauri yakan zaɓi misalan da yawan G da C ɗinsu da tsawonsu suka yi daidai da na wuraren gaske. Wanda ya fi shi tsauri kuma shi ne wanda ke gwama inhansar hanta da ta zuciya, ya tambayi manhajar wace ce wace, domin a nan ne ake sanin ko ta fahimci abin da ya bambanta gaɓa da gaɓa.

Yanzu sai babbar tambaya: mene ne gaskiyar da ake aunawa da ita? Amsar tana hawa-hawa, kuma kowane hawa abu dabam yake gani. Hawa na farko shi ne alamomin sinadarai. Tun 2007 ake amfani da hanyar ChIP-seq, inda ake daskarar da furotin a kan DNA da sinadarin fomalin, a farfasa zaren, a jawo furotin ɗin da ake nema tare da guntun da ya riƙe, sannan a karanta guntun. Wasu hanyoyin kuma suna nuna inda DNA ya buɗe. Da irin waɗannan bayanai ne shirin ENCODE, wanda aka ƙaddamar a 2003, ya fitar da rajistar wurare 926,535 a kundin mutum a 2020, kuma masu shirin da kansu sun kira su wuraren da ake zato, ba tabbatattu ba. Wannan taka-tsantsan yana da dalili, domin kasancewar furotin a wuri, ko buɗewar wurin, ba hujja ba ce cewa yana tafiyar da wata ƙwayar gado. A 2014 wani ɗakin bincike a St. Louis ya gwada wuraren da aka hasaso a matsayin inhansa daga bayanan ENCODE, ya tarar kimanin kashi 26 cikin ɗari ne suka nuna aiki a gwajin. Manhajar da aka horar kuma aka auna da alamomin sinadarai, komai yawan makinta, abin da ta iya shi ne hasashen alamomin.

Hawa na biyu shi ne a ciro yankin a gwada ko zai iya kunna wani abu. Mafi kyawun misali shi ne aikin rumbun VISTA na ɗakin binciken Lawrence Berkeley a California. Ana ɗauko guntun DNA ɗin da ake zato, a liƙa shi da wata ƙwayar gado mai ba da launi, a yi allurarsa cikin ƙwan ɓera da aka riga aka barbara, a dasa ƙwan a mahaifar wata ɓera. A rana ta goma sha ɗaya da rabi sai a ciro ɗan tayin, wanda tsawonsa bai kai santimita ɗaya ba, a jiƙa shi cikin wani ruwan sinadari. Idan guntun inhansa ne, sai shuɗi ya fito a daidai gaɓar da yake yi wa aiki, wataƙila a tohon ƙafar gaba, ko a gefen ƙwaƙwalwa, ko a zuciya, sauran jikin kuwa ya zauna fari. Ba a karɓar sakamakon sai 'yan tayi aƙalla uku sun nuna shuɗin a wuri ɗaya. A 2006 an gwada yankuna 167 da aka zaɓa saboda kusan ba su sauya ba tsakanin mutum da wasu dabbobi, sai kashi 45 cikin ɗari suka ba da launi. To ragowar fa? Wasunsu ƙila ba inhansa ba ne, amma wasu suna iya yin aiki a rana ta goma sha huɗu, ko bayan haihuwa, lokacin da ba wanda ya duba. Duk manhajar da aka auna da wannan rumbu ta gaji wannan giɓi, ta kuma gaji son zuciyar zaɓen farko, tunda yankunan da aka gwada ba barkatai aka ɗauko su ba. Hanyoyin zamani irin su STARR-seq, wadda aka ƙirƙiro a Vienna a 2013, suna gwada miliyoyin guntaye a lokaci guda, amma suna yin haka ne bayan an raba guntun da muhallinsa na asali.

Hawa na uku, wanda a ganina shi ne alƙalin ƙarshe, shi ne a taɓa yankin a inda yake, a kashe shi ko a cire shi da fasahar CRISPR, wadda ke ba da damar yanke DNA ko toshe shi a daidai wurin da aka zaɓa, a ga ko wata ƙwayar gado ta raunana. A 2019 wani ayari a Seattle ya yi wa wurare 5,920 haka, ya samu alaƙa 664 tsakanin inhansa da ƙwayar gado. Amma ko wannan alƙali yana da iyaka. Yawancin irin waɗannan bayanai sun fito ne daga nau'in ƙwayoyi guda, K562, waɗanda aka samo daga wata mai cutar sankarar jini a farkon shekarun 1970, kuma kundinsu ya jirkice ƙwarai. Sannan jiki yana da madadi. A 2007 an cire wasu yankuna huɗu da haruffansu suke iri ɗaya sak a mutum da ɓera, sai ɓerayen suka rayu suka hayayyafa ba wata nakasa a fili. A 2018 an cire inhansa goma masu aiki a gaɓoɓin ɓera ɗaya bayan ɗaya ba a ga canji ba, sai da aka cire biyu-biyu sannan nakasa ta bayyana. Ashe ke nan rashin ganin illa bayan cirewa ba ya tabbatar da cewa manhajar da ta nuna wurin ta yi kuskure.

Matsalar da ta fi yaɗuwa tun da aka koma ga manhajoji masu koyo daga misalai ita ce yoyon bayanai tsakanin horo da jarrabawa. Ƙa'ida ita ce a horar da manhaja da wani kaso na bayanai, a jarraba ta da wani kason da ba ta taɓa gani ba, in ba haka ba an zama kamar malamin da ya bai wa ɗalibai tambayoyin jarrabawa su haddace, ya dawo yana murnar sun fahimci darasi. A cikin DNA raba kason nan ba shi da sauƙi, domin gidajen da ke maƙwabtaka suna haɗa haruffa, kuma kusan rabin kundin mutum maimaici ne na jeri masu kama da juna. Manhajar TargetFinder, wadda aka buga a 2016 don haɗa kowane inhansa da furomotarsa, ta zo da maki masu ban sha'awa. A 2018 da 2019 wasu ayari biyu na masu bincike dabam-dabam suka sake duba ta, suka gano cewa misalan horo da na jarrabawa suna tarayya a kan yankuna ɗaya na DNA, kuma da aka raba su yadda ya kamata sai makin ya faɗi warwas. Ba wanda ya yi maguɗi a nan, kuskure ne mai sauƙin aukuwa, kuma abin yabo ne cewa masu manhajar sun shiga cikin waɗanda suka rubuta wata maƙala a 2022 suna gargaɗin sauran masana game da irin waɗannan ramuka. Maganin da aka fi yarda da shi yanzu shi ne a ware kuromosom sukutum, wato ɗaya daga cikin manyan ɗaurin da DNA ya kasu a cikinsu, don jarrabawa, kamar yadda masu DeepSEA na Jami'ar Princeton suka ware na 8 da na 9 a 2015.

Wani nau'in yoyon ya fi wannan ɓoyuwa. Idan aka horar da manhaja da ƙwayoyin hanta da na huhu, aka jarraba ta da na ƙoda amma a kan wurare ɗaya na kundin, tana iya haddace cewa wuri kaza yawanci a buɗe yake a kowace ƙwaya, ta maimaita hakan, ta ci maki. Jacob Schreiber da abokan aikinsa sun nuna wannan a 2020, suka kuma ba da shawara mai sauƙi: a gwama manhajar da matsakaicin abin da aka gani a sauran ƙwayoyi. Idan ba ta fi wannan lissafi na ɗan firamare ba, to ba ta ƙara komai ba.

Saboda mai manhaja shi ne yakan zaɓi bayanan gwaji da abokan karawa da ma'auni, kuma ya fi sanin lagon tasa fiye da na wasu, gasar da ake ɓoye amsoshinta ta fi kowace maƙala ɗaya nauyi. A gasar DREAM5, wadda aka buga sakamakonta a 2013, an kara hanyoyi 26 a kan furotin 66 na ɓera, sai aka tarar cewa a yawancinsu tsohuwar hanya mai sauƙi, idan an tsara ta da kyau, tana kafaɗa da kafaɗa da masu sarƙaƙiya.

Manhajojin ƙirƙirarriyar basira na baya-bayan nan sun ci gaba na haƙiƙa, kuma rashin adalci ne a musanta hakan. DeepSEA tana duba haruffa 1,000 ne a lokaci guda, Enformer ta kamfanonin DeepMind da Calico, wadda ta fito a 2021, tana duba kusan 200,000, AlphaGenome ta 2025 kuma miliyan 1. Idan aka tambayi Enformer wace ƙwayar gado ce ke aiki da ƙarfi a hanta kuma wace ce ke kwance, tana amsawa da kyau ko a yankunan da ba ta gani ba. Sai dai likita ba wannan yake tambaya ba. Shi yana so ya san ko harafin da ya bambanta wannan majinyaci da wancan zai ɗaga aikin ƙwayar gado ko zai sauke shi. A 2023 ayari biyu suka yi wannan gwaji, ɗaya da bayanan ƙwaƙwalwar mutum 839, ɗayan da ƙwayoyin jinin mutum 421, kuma duka biyun suka tarar cewa manhajojin ba sa iya bayyana bambancin da ke tsakanin mutane yadda ya kamata, har ma sau da yawa sukan juya alƙiblar, su ce sauyi zai ƙara alhali ragewa yake yi. Wani binciken na 2023 ɗin ya nuna cewa duk da faɗin abin da Enformer ke dubawa, yawancin hasashenta daga furomota da kewayenta yake fitowa, inhansa na nesa kuwa ba ta ba su nauyin da ya kamace su. Makin farko ba ƙarya ba ne, amsar wata tambaya ce dabam da wadda aka so a yi amfani da shi a kanta.

A nan ne batun ya sake taɓo mu kai tsaye. Gwajin bambancin mutane yana buƙatar bayanan da suka haɗa DNA ɗin mutum da yadda ƙwayoyin gadonsa ke aiki a gaɓoɓinsa, kuma babban rumbun da ake dogaro da shi, GTEx na Amurka, a fitowarsa ta 2020 ya ƙunshi mutum 838 waɗanda kimanin kashi 85 cikin ɗari nasu 'yan asalin Turai ne. Alhali Afirka ce ta fi kowace nahiya yawan bambancin gado: a 2020 ɗin ne masu binciken shirin H3Africa suka karanta kundin mutum 426 daga ƙabilu 50, suka samu sauye-sauye fiye da miliyan 3 da ba a taɓa rubutawa ba, kuma tunda sashen ƙera furotin ɗan ƙarami ne, mafi yawansu a wajensa suke. Ana iya kafa hujja cewa manhajar da ke karanta haruffa kai tsaye ba ruwanta da asalin mai su, tunda GATA1 tambari ɗaya yake nema a jikin Bakano da Bature, kuma wannan hujja tana da ƙarfi a ƙa'idance. Amma hasashe ne da ke jiran gwaji, kuma gwajin ba zai yiwu ba sai an tara bayanan aikin ƙwayoyin gado daga jinin mutanen Kano da Damagaram da Tamale, tare da yardarsu, an ajiye su a gefe ba a horar da kowace manhaja da su ba, sannan a kawo manhajojin a tambaye su alƙiblar kowane sauyi ɗaya bayan ɗaya.